Gurbin Ƙarin Bayani

Matar tana zaune a kan benci da goyonta, ni kuma na sake buga sunan garinsu a kwamfuta karo na uku. Gatawa. Shafin ya buɗe da wani irin sauri da ban saba da shi ba, ya jero mini yara. Na bi su da yatsa har ƙasa. Na san akwai jarirai da yawa da na rubuta wa "ba a raɗa ba" a gurbin suna, da hannuna na shigar da su. 'Yan kaɗan kawai na gani. Na tsaya na zuba wa shafin ido.

Litinin ce, da hantsi, tsakiyar damina. Hajiya, babbar ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu a Sabon Birni, tana ɗora wani yaro a sikeli. Ta waigo ta dube ni.

"Ke ɗiyar ga, mi ya same ki? Aljani kinka gani cikin injin?"

Na ce, "Hajiya, yara sun ɓace."

"Waɗanne yara? Ga su nan suna tsaga mana kunne."

"Na cikin nan," na ce, na nuna mata fuskar kwamfutar.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya tsorata ni.

Da na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, sai na koyi buga rubutu a wani shago kusa da tasha. Hajiya ƙawar Innata ce tun suna 'yan mata, ita ta kai ni aikin. Wata ƙungiya ce ke kawo wa asibitin abincin yara masu tamowa, wanda ke zuwa cikin 'yan ledoji, ita kuma ta kawo kwamfutar. Aikina shi ne duk yaron da aka kawo in shigar da shi: suna, gari, ranar haihuwa, nauyi, allurar da aka yi masa da abincin da aka ba shi. Bayanan ba a cikin kwamfutarmu suke zama ba. Ta intanet suke tafiya zuwa wani wuri da ake kira rumbun bayanai, wanda ban taɓa gani da idona ba. Ni dai a raina nakan ɗauke shi kamar rumbun gero, can wani gari mai nisa, muna ta zubawa daga nan.

Wancan rumbun na farko, Hajiya ta sa masa suna Tsoho. Shafinsa kore ne mai duhu, kuma ba ya gaggawa. In na danna ajiyewa sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa. Hajiya ta ce, "Ku ƙyale shi, Tsoho alwala yake yi." A wannan jiran ne ake hira. A nan nake jin wadda mijinta ya tafi ci-rani, da wadda akuyarta ta haifi uku. Abin da na fi so ga Tsoho shi ne ba ya gardama. Duk abin da na ba shi karɓa yake yi.

Shekarun farko hanya da sauƙi. Mukan hau babura mu tafi Gatawa da Gangara, sau ɗaya ma har Kamarawa muka je a ƙasar Isa, kwamfutar tana cikin jaka a bayana an naɗe ta da leda saboda ruwa. Gero ya kai kafaɗa dama da hagu, hanya ta yi siririya a tsakani. A shimfiɗa mana tabarma gindin tsamiya a ƙofar gidan mai gari, a kawo fura a ƙwarya tun ba mu buɗe jaka ba. Sabis kuwa sai an neme shi. Akwai wani suri a bayan garin Gatawa da nake hawa in ɗaga waya sama, wani lokaci layin Nijar ne zai kama ni, ya turo mini maraba da Faransanci. Mata su yi ta dariya, su ce ga malama ta hau mumbari. Yanzu ko a mafarki na ga surin nan sai in tashi da kewa.

A irin waɗannan tafiye-tafiye na koyi abin da ba a rubuta a littafin horaswa ba. Hajiya tana son a yi wa jariri allurar farko tun cikin kwanakin haihuwa, kafin ranar suna. To mi za ni rubuta a gurbin suna? Ranar farko da na tambayi wata kaka sai ta riƙe haɓa ta ce, "Subhanallahi! Tun ba a yanka rago ba?" Ga kuma masu ɗan fari. Ko an raɗa suna da watanni, uwa ba za ta faɗa ba, musamman matan Fulani da ke zuwa daga ruga. Sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta kalli ƙasa. Wata kuma sunan surukinta aka sa wa yaron, bakinta ba zai iya ɗauka ba. Hajiya ta kafa mini doka: kada in matsa wa mace ta faɗi abin da take jin kunyarsa, don in na matsa ba za ta sake dawowa ba, yaron ne zai cutu. Saboda haka duk irin waɗannan sai in rubuta "ba a raɗa ba", in wuce.

Ranar haihuwa ma haka. Wata ta ce lokacin da aka fara yankan gero, wata ta ce bayan ƙaramar salla da kaɗan. In ba a san ranar ba sai in sa ɗaya ga watan. Da abubuwa suka lalace, 'yan bindiga suka hana ƙauyuka zama, mutane suka kwararo cikin gari, sai mata suka riƙa zuwa tuli guda, babu mai kati a hannu, kowa da kayan jikinta ta fito. Sai ga yara da yawa suna ɗaya, gari ɗaya, rana ɗaya.

Amma ni ban taɓa rikita su ba. A can ƙasan shafin akwai wani gurbi da aka rubuta wa "ƙarin bayani", wanda babu mai dubawa. A nan nake rubuta abin da zai tuna mini kowane yaro. Ba da harshen ofis ba, yadda ya zo mini kawai. "Kakarsa ke kawo shi, tana cin goro tana zagin sikeli." "Tagwaye ne, wannan shi ne mai tabo a kunnen hagu." "Uwar doguwa mai wushirya, ba ta zama sai a ƙarshen benci." Har da irin su "ya yi mini fitsari a hijabi ranar farko." In mace ta zo, kallo ɗaya za ni yi mata in duba gurbin, in san wane layi ne nata.

Sati biyu kafin wannan Litinin, wani injiniya ya zo daga Sakkwato. Mutum mai fara'a, da gilashi. Ya ce Tsoho ya gaji, asibitoci sun yi masa yawa, shi ya sa yake nauyi. Za a kwashe komai a zuba a wani sabon rumbu, na wani tsari daban. Shafin da muke gani ba zai canza sosai ba, abin da ke bayansa ne za a sauya. Ya ce sabon yana da ƙa'ida, ba ya yarda a shigar da yaro ɗaya sau biyu. Na gyaɗa kai. Ban kawo komai a raina ba, tunda ni ban taɓa shigar da yaro sau biyu ba.

Sai ya gangaro ƙasan shafin ya ce, "Malama, wannan gurbin fa? A sauran asibitoci duk fanko ne, ina son in bar shi. Kina sa wani abu mai muhimmanci a ciki?"

Na tuna fitsarin hijabi. Na tuna inda na rubuta cewa wata mata tana da dariya kamar ta zabuwa. Na ga maza a wani ofis mai sanyi a birni sun taru suna karantawa suna ƙyalƙyatawa, suna cewa ku ji shirmen 'yar ƙauye. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi.

Na ce, "Babu komi a ciki, Malam. Surutuna ne kawai."

Ya ce to madalla. Ya sha ruwa ya tafi. A ƙarshen makon da ya biyo baya aka yi canjin, Litinin na buɗe na tarar da shafi fari fes, mai sauri, babu gurbin ƙarin bayani, babu yarana.

Kafin azahar waya ta shigo wa Hajiya daga ofishin ƙungiyar. Ina kusa, ina jin muryar mutumin. Ya ce sabon rumbu ya tsabtace rajista, kuma a duk asibitocin namu ne aka fi samun maimaici. Abincin da muka ce mun raba ya fi yaran da suka rage yawa nesa ba kusa ba. Ya ce abu biyu ne: ko sakaci, ko kuwa wani ya riƙa shigar da yaran bogi don a karkatar da abincin a kai kasuwa. Ya tambaya wa ke shigar da bayanai. Hajiya ta faɗa masa ni ce. Ya ce ranar Alhamis za a zo bincike, kada a bar ni in taɓa kwamfutar.

Mun taɓa jin labarin wani mai irin aikina a wata ƙaramar hukuma da aka kama da wannan laifi, aka tafi da shi ofishin 'yan sanda a bayan mota gaban jama'a. Hoton da ya tsaya mini ke nan. Ni a bayan mota, a bi da ni ta gaban kasuwa, a ce ga wadda ta ci abincin yaran 'yan gudun hijira. Alhali gwaggona da 'ya'yanta, da suka baro Gatawa da ƙafa, a ɗakin Innata suke kwana.

Kwana uku ban iya cin tuwo ba. Ko babur ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko 'yan sanda ne. Inna ta dafa mini kunu ta zauna kusa da ni.

"Kin ɗauki wani abu?"

"Wallahi Inna ko leda ɗaya."

"To mi kike ma rawar jiki? Sha kunun ga."

Ban faɗa mata maganar gurbin ba. Hajiya ma ban faɗa mata ba. A ganina shi ne laifi na biyu: da bakina na ce a zubar da shi. Kuma na ɗauka ya tafi ke nan, an goge Tsoho da duk abin da ke cikinsa.

Alhamis ranar rabon abinci ce, benci a cike, wasu matan a ƙasa kan tabarma. Da hantsi mota ta tsaya. Injiniyan ne da wata mata mai bincike, babba, ba ta da yawan murmushi. Ta zauna a kujerata, ni ina tsaye. Ta buɗe takarda ta ce in bayyana mata yadda aka yi jarirai rututu suka zama suna ɗaya, gari ɗaya, ranar haihuwa ɗaya.

Hajiya ce ta karɓa, ta yi bayanin kwana bakwai, da ɗan fari, da yankan gero. Matar ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Hajiya, ni ma ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, na san wannan. Amma maganar baki ba za ta shiga rahoto ba. Wanda ke son yin sata ma haka zai rubuta. Mi za ki nuna mini da zai raba wannan layi da wancan?"

Hajiya ta dube ni. Na ga idonta, ita ma ta tsorata. A nan ne na ji in ban yi magana yanzu ba, shi ke nan.

Na ce, "Akwai abin da ke raba su. Yana cikin gurbin da na ce wa Malam babu komi."

Injiniyan ya cire gilashi. "Wanda kinka ce surutu ne?"

"Shi. Kunya ce ta sa. Na san ya riga ya tafi."

Ya ce bai tafi ba. Ba a goge tsohon rumbu nan take, akan ajiye shi yadda yake na ɗan lokaci ko da wani abu zai taso, sai ƙarshen wata za a rufe shi. Ya ciro kwamfutarsa, ya jona da waya, ya yi ta buga wasu abubuwa a baƙin shafi. Sabis ya ɗauke, ya dawo. Muka jira. Hajiya ta ce ƙasa-ƙasa, "Alwala yake yi." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Sai ga su sun fito, layi bayan layi, kowane da rubutuna a gefensa. Mai binciken ta matso ta karanta na farko a zuci. Na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce wa injiniyan ya ɗauko kwamfutar su fita wurin mata, ya karanta da ƙarfi, a gani ko akwai mai amsawa.

Abin da na guda shi ya same ni, har ya fi. Ba a ofis ba, a gaban kowa.

Ya gyara murya ya karanta: "Kakarsa ke kawo shi, tana cin goro tana zagin sikeli."

Wata tsohuwa ta miƙe daga tabarma, baki ja wur. "Ni ce! Kuma har gobe sikelin ga maƙaryaci ne. Yaron da ke karya mini baya a ce bai da nauyi?"

Wuri ya kaure da dariya. Mai binciken ta sa aka kawo yaron, ta duba shi, ta yi alama a takarda.

"Uwar doguwa mai wushirya, ba ta zama sai a ƙarshen benci."

Duk suka juya ƙarshen benci. Tana nan kuwa. Ta rufe baki, wata ta ce, "Buɗe mu gani, shaida ake nema!"

Aka zo kan tagwaye, aka juya kunnen hagu, ga tabo. Aka zo kan fitsarin hijabi, mata uku suka ce nasu ne, sai da aka duba gari da wata aka raba gardama. Hajiya ta ce, "Ashe hijabin nan ya ga duniya." Da ya karanta na mai dariyar zabuwa, ba ta ma amsa ba, dariyar ce ta kuɓuce mata, kowa ya nuna ta. Ta harare ni ta ce, "Za mu haɗu, malama." Ni dai na sunkuyar da kai, ina jin kamar ƙasa ta tsage.

Sai ya karanta: "Ta zo da ƙwaryar nono mai ɗinki a gefe, ɗan fari ne, ta ƙi faɗin suna." Ita ce matar da ke zaune a gabana ranar Litinin, wadda na rasa ɗanta. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta tura ƙwaryar gaba da ƙafa a hankali. Ɗinkin yana nan. Mai binciken ta daɗe tana kallonta, ba ta tambaye ta suna ba.

Ba kowane layi aka amsa ba. Wasu ba ranar zuwansu ba ce, amma sai a samu mai cewa maƙwabciyarta ce, za ta turo ta. Da ya karanta, "Gidansu ne na kusa da suri, uwar ke riƙe mini jaka in na hau," babu wanda ya motsa. Can wata ta ce sun ƙetara Nijar tun bara. Wata ta ce a'a, yaron ne da kakarsa suka ƙetara, uwar Allah ya yi mata rasuwa a hanya. Aka yi salati. Na tuna yadda takan ce in yi hankali kada gara ta cije ni, tana tsaye a ƙasa da jakata a ka kamar tulu. Ban san ta mutu ba sai a wannan lokacin.

Har yau in waya ta yi ƙara a ofis sai na tuna waccan Litinin kafin in ɗauka. Sabon rumbu yana da kyau, ba na ƙin sa. Kafin ka ɗauke yatsa ya ajiye. Sai dai babu sauran jiran da ake hira a ciki, kuma hanyar Gatawa ba mu sake bin ta ba.

A waccan Alhamis, sun gama binciken bayan la'asar, rana ta yi sanyi, hadari yana haɗuwa ta gabas. Mata sun watse, saura tsohuwar nan mai goro tana ɗaure goyo. Injiniyan ya ce wa mai binciken kuskuren daga wurinsa ne. Ya sa ƙa'idar da ta ɗauki duk masu suna ɗaya, gari ɗaya, rana ɗaya a matsayin yaro guda ta haɗe su, kuma bai gwada yawan yaran kafin canji da bayan canji ba. Ya ce zai dawo da su duka, kowane da lambarsa, kuma zai mayar da gurbin. Ya juyo wurina ya ce, "Malama, don Allah in na sake tambaya, ko kunya za ta kashe ki, ki faɗa mini."

Mai binciken ta rufe takardarta. Ta tashi daga kujerata, ta juya ta, ta nuna mini in zauna. Na zauna.

Ta ce, "Ɗiyata, babu abin da za a yi maki. Yaranki na gaskiya ne, na gan su da idona. Je ki gida ki ci abinci."

Hajiya ta dafa kaina, hannunta yana warin sabulun asibiti. "Kin ji ko? Tashi, Innarki na can ta ƙi zama tun safe."